Kada Ka Nemi Makarantar Da Za A Sa Maka Hannu Kawai

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayoyi biyu ka haɗa a ciki. Ka ce kwalejinku za ta tura ku aikin koyarwa na gwaji, wanda ku yaran yanzu kuke kira TP, kuma abokanka sun ba ka shawara ka yi ƙoƙari a kai ka firamaren unguwarku, tunda hedimastan abokin mahaifinka ne, zai sa maka hannu ko ka je ko ba ka je ba. Sannan ka ce in koya maka yadda ake rubuta lesin not, wato tsarin darasin da malami yake shiryawa kafin ya shiga aji. Ta biyun ba zan tsaya a kanta ba, domin wanda ya kai shekara ta uku a karatun NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ya yi darasin gwaji a gaban 'yan ajinsu, amma har yanzu yana jiran a nuna masa inda ake rubuta manufar darasi, to ya koma ya tambayi malaman da ake biya albashi don su koya masa. Ta farkon ce ta sa na ɗauki alƙalami, saboda ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba.

Mu da muka shiga kwalejin horar da malamai lokacin da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin UPE na ilimin firamare ga kowa a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Bauchi, ba mu san wani abu wai shi zaɓen makaranta ba. Shekara biyar ake yi kafin a ba mutum takardar shaidar malanta ta Gired Tu, kuma kwaleji tana da firamaren da suke aiki tare kamar wa da ƙani. Malamin kwaleji ya san hedimasta, hedimasta ya san halin kowane ɗalibin da aka turo masa. Ranar da za a duba ka, malaminka zai shigo ya matsa a bencin baya tare da yara, ya zauna daga gaisuwa har a kaɗa ƙararrawa, da yamma kuma a tsayar da kai gaban 'yan ajinku a warware darasin nan dalla-dalla. A nan ne ake faɗa maka cewa ka juya wa yara baya kana magana da allo, ko ka yi rubutu a ƙasa inda kawunan 'yan gaba suka tare wa na baya, ko yara uku kawai ka yi ta tambaya don su ne masu ɗaga hannu. Ƙasar Bauchi ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya gama Kwalejin Katsina a 1933, makarantar Midil ta Bauchi ya dawo ya riƙe alli har ya zama shugabanta, kuma Malam Aminu Kano ma ya koyar a nan.

Daga baya aka kawar da Gired Tu, aka ce NCE ce mafi ƙarancin takardar da malami zai riƙe, aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi ta NCCE a 1989, aka kafa majalisar rajistar malamai ta TRCN a 1993. Ban ce an yi kuskure ba, kuma na yi aiki da malaman kirki da suka fito daga kwalejojin ilimi na Azare da Kangere da kwalejin tarayya ta Gombe. Abin da nake kuka da shi shi ne, a wurare da yawa dangantakar kwaleji da firamare ta koma takarda guda mai hatimi, wadda ɗalibi zai kawo a aljihu ya miƙa wa hedimastan da bai taɓa ganin malaminsa ba.

Bayan an ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai-ɗaya a matakin farko a 1999 yara sun cika makarantu, malamai kuwa ba su ƙaru yadda ya kamata ba. Ina hedimasta a wata firamaren ƙauye a wajen Bauchi, sai ga wani mutum daga wata kwaleji mai zaman kanta, wadda ba ta cikin waɗanda na ambata kuma ba zan kama sunanta ba. Shi ne mai rarraba ɗalibansu makarantu. Ya zo da babbar riga da zaƙin baki, ya ce haɗin gwiwa suke so na dindindin: za su riƙa turo ɗalibai kowace shekara, malamansu za su riƙa zuwa dubawa a kai a kai, za su kawo alli da kwali, har ma su yi wa malamaina bita kyauta. Na ce na yarda bisa sharaɗi biyu, cewa ɗaliban za su zauna har a gama jarrabawar ƙarshen zango, kuma kowane malamin aji zai ci gaba da zama a ajinsa, ɗalibi yana koyo a ƙarƙashinsa. A gaban mai unguwa da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya ba ni hannu ya ce ya ɗauki alkawari.

Ajina na shida a shekarar nan shi ne mafi kyau da na taɓa gani, kuma malami ɗaya ne ya rene su tun daga aji huɗu. Ashe mutumin nan da ya bar wurina ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya nufa, ya baza cewa ya cika makarantata da malamai har sun yi yawa, don a ƙara ba shi wasu makarantun. Ba a jima ba takarda ta iso, an ɗauke mini malamin aji shida an kai shi wata makaranta, wai na ɗan lokaci. Na je na yi magana har muryata ta dushe, aka nuna mini jerin sunayen da kwalejin ta kawo. Fiye da rabin sunayen nan ban taɓa ganin fuskokinsu ba, domin suna can suna harkokinsu, sun biya shi an rubuta su.

Waɗanda suka zo ba mugaye ba ne, yara ne da ba wanda ya nuna musu hanya. Ni kaɗai ba zan iya zama a bayan kowane aji ba, ga ofis ga rajista ga iyaye. Muna ta jiran mai dubawa, sai ran wata kasuwa ya iso da hantsi. Na riga na sa an ajiye masa kujera a bayan aji shida. Ya tsayar da motarsa a ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa, ko injin bai kashe ba, ya shimfiɗa fom-fom a kan bonet, ɗalibai suka kewaye shi, ɗayansu ya miƙa masa ambulan ɗin kuɗin mai da suka yi karo-karo. Na tako na ce masa, ranka ya daɗe, ga aji can yana jira. Ya ɗago ya ce, hedimasta, ai kai ne idonmu a nan. Ya ba kowa maki, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙauyen ba, ya ja motarsa. Kafin mako ya zagayo ɗaliban nan sun watse, tunda abin da ya kawo su ya samu.

Aka bar mini aji shida ba malami, jarrabawar shiga sakandare ta matso. Da na buɗe littattafan yara sai na tarar an tsallake lissafin ɓangare gaba ɗaya, an yi ta cika shafi da kwafe daga allo, kuma ba a taɓa sa jan biro a kan aikin kowa ba. Na rufe ofis na shiga ajin da kaina, safe da yamma har da Asabar, amma lokacin da ya wuce ya wuce. Sakamako ya fito, ban taɓa ganin irin muninsa ba. A cikin yaran akwai wata yarinya da takan gama doguwar rabawa kafin in gama rubuta tambayar a allo. Da ƙyar na shawo kan mahaifinta ya yarda cewa idan ta samu makarantar kwana ta 'yan mata zai bar ta ta tafi. Ba ta samu ba. Aka ɗora mata farantin talla, bayan damina biyu aka ɗaura mata aure. Mai rarraba ɗaliban nan kuwa da wata shekarar ta zagayo sai ga shi da sabuwar takarda, har da roƙon in sa hannu a kan fom ɗin waɗanda ba su zo ba. Na ƙi, na ce ya fitar mini daga makaranta. Ya samu wani ya sa masa hannun, kuma na tabbata wasunsu yau suna tsaye gaban 'ya'yan mutane da takardar NCE.

Wannan hanyar ce abokanka suke kiranka ka bi. Yawancinku yanzu takarda kuke so ba aikin ba, kuna shiga aji da waya a hannu, kuna kwafo darasi daga intanet ba ku ko karanta shi ba, kuma idan aka yi muku gyara sai ku kumbura fuska. Ka je wurin mai rarraba ku ka ce a kai ka makarantar da hedimastanta yake da tsanani, wadda malaman kwalejinku suka saba shiga ajinta su zauna. Idan ka isa, makonnin farko ka zauna a baya ka kalli yadda malamin aji yake tafiyar da yara masu yawa, wasu a benci wasu a ƙasa, ka haddace sunayensu, ka gane wanda ba ya gani sosai da wanda ya zo bai karya ba. Idan malamin ya ga ka zo ya nemi ya sakar maka ajin ya tafi gona ko acaɓa, ka roƙe shi cikin ladabi ya zauna, in ya ƙi ka sanar da hedimasta, domin ba a turo ka ka maye gurbinsa ba. Mai dubawa idan ya zo, kai da kanka ka ɗauki kujera ka kai masa bayan aji, kuma kada sisinka ya shiga ambulan.

Ko an ba ka maki tun a tsakiyar zango, ka zauna har a yi jarrabawa, ka duba takardun yaran da hannunka. Ranar da za ka tafi ka rubuta inda ka tsaya a kowane darasi, da abin da ba ka kai gare shi ba, da sunayen yaran da har yanzu ba su iya haɗa baƙi ba, ka miƙa wa malamin aji a gaban hedimasta.