Amsa: Abin da ke sa manomi ya karɓi sabuwar fasahar noma

Malam, ka tambaya me ke sa ƙaramin manomi a ƙasashe irin namu ya rungumi fasahar zamani, kamar famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. A ganina, lissafin aljihu ne ke kan gaba.

Dubi masu noman rani a kewayen Jos, waɗanda ke jawo ruwa daga tsofaffin ramukan haƙar kuza suna shayar da kabeji da karas da dankalin Turawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man da injin ban ruwa ke sha ya yi musu nauyi, sai waɗanda a da suke yi wa famfon sola kallon kayan masu kuɗi suka fara tambayar farashinsa. Na ga wani dattijo a Barikin Ladi ya tsuguna a gonar maƙwabcinsa, ya tara hannu a bakin tiyo yana auna ƙarfin ruwan, kuma sai da ya yi haka kwana uku kafin ya shiga adashin sayen nasa. Gani ya kori ji, kuma malamin gona ba kasafai yake samun yardar da maƙwabci ke samu ba.

Akwai kuma batun mallakar fili, domin mai hayar gona ta shekara ɗaya ba zai binne bututu a ƙasar wani ba. Hasashen damina da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa kuwa ya fi isa ga manoma ta rediyo da Hausa ko Berom, saboda da yawansu wayoyinsu ba sa hawa intanet.