Tsofaffin senti na Amurka: wanne ne mai tsada?

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka. Wani dattijo maƙwabcina ya ba ni gwangwani cike da tsofaffin senti, wasu da hoton tsohon shugaban ƙasa Abraham Lincoln, wasu da kan mace sanye da hular gashin tsuntsu. Duk sun yi duhu. Ta yaya zan gane masu daraja? In goge su su yi ƙyalli?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka goge ko ɗaya. Duhun nan da tagulla ke yi da tsufa shi masu tarawa ke so su gani, kwandalar da aka goge kuma farashinta faɗuwa yake yi warwas.

Tsufa kaɗai ba ya sa kwandala tsada. Ana duba yawan da aka buga a shekarar, da garin da aka buga ta, da yadda ta tsira daga cin hannu.

Senti na farko da gidan buga kuɗi na Philadelphia ya fitar a 1793 babba ne, na jan ƙarfe zalla, da sarƙa mai zobe 15 a bayansa. Jama'a suka ce sarƙar tana tuna bauta, aka sauya zanen a shekarar bayan an buga 36,103 kacal. Da wuya ka same shi a gwangwani.

Naka masu hular gashin tsuntsu zanen James Longacre ne, daga 1859 zuwa 1909. Da farko an haɗa jan ƙarfe da nikel, sai a 1864 aka koma tagulla mai kashi 95 na jan ƙarfe. Nemi na 1877, wanda aka buga 852,500, da na 1909 mai harafin S a baya, alamar gidan buga kuɗi na San Francisco, wanda bai wuce 309,000 ba.

Na Lincoln ya zo a 1909, cikar shekara 100 da haihuwarsa, da zangarniyar alkama biyu a baya. Mai zanen, Victor David Brenner, ya sa haruffan sunansa VDB a ƙasa, aka yi ta ƙorafi har aka cire su cikin kwanaki. Mai S da VDB tare 484,000 ne, kuma 'yan damfara sun ƙware wajen liƙa masa S na jabu.

Sai na 1943, wanda ya fi ruɗa mutane. Saboda yaƙin duniya na biyu aka buga na shekarar da ƙarfe mai rufin tutiya, amma 'yan ƙalilan na tagulla sun fita bisa kuskure, su ne masu tsadar gaske. In ka ga mai launin tagulla, kawo maganaɗisu. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. In bai manne ba, auna shi: na gaske giram 3.11 ne. Ko da haka duba lambar 3 da kyau, domin ana kankare 8 na 1948 ya zama 3.

Duk wanda ka ware, riƙe shi ta gefe, ka aika wa PCGS ko NGC, kamfanonin tantance kwandaloli, su tantance ingancinsa a ma'auninsu na 1 zuwa 70 kafin ka saurari tayin kowa.