Amsa ga ƙanenmu mai son koyon yaren waje don kasuwanci

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce ka gama difloma, kana taya Baba sayen riɗi a ƙauyukan Gumel, ka tara ɗan abin da ka tara, kana wasiwasi ko ka zuba shi a jari ko ka je ka koyi Faransanci ko Sinanci, tunda burinka wata rana ka fitar da kaya waje da kanka. Na ga wasu sun ce maka ɓata lokaci ne, ai waya tana fassara. Ni ban yarda da su ba, kuma abin da ya same ni ne ya sa.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Maigatari. Na taso ina bin kawuna kasuwar Alhamis, inda shanu da raƙuma ke shigowa daga Nijar. A can Hausa ta ishe ka, da ita mutumin Damagaram da Bafulatani da Buzu duk suke ciniki. Ko a nan ma akwai abin koyo, domin in mutumin Nijar ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000 ce. Wannan ya sa na daɗe ina ganin ba na bukatar wani yare. Hausa za ta kai ka Agadas, ta kai ka zangon Kumasi, ta samo maka masauki da tuwo. Amma a bakin ofis take tsayawa. Da zarar an zaro takardar kwastan ko ta banki ko ta yarjejeniya, sai ka koma kallo. Ko da Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki.

Karon farko da na kai riɗi Kwatano, buhu 120 ne, rabi nawa rabi na amana. Na sauka wajen wani fatoma, shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ne tafinta. Muka zauna da mai saye a wani sito mai zafi, fanka ɗaya tana juyawa. Mutumin ya damƙi riɗin, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya tauna kaɗan, sai ya faɗi wata kalma har sau uku yana buga tebur da yatsa: "katir-ban-dis". Fatoma ya juyo ya ce min ya taya sefa dubu 80 kowane buhu. Na sallama, na biya la'ada, har na yi masa godiya. Kalmar nan dai ta tsaya min a rai, na rubuta ta da ajami a bayan rasidi. Bayan wata biyu na nuna wa wani malamin makaranta ɗan Magarya da ke zuwa cin kasuwa. Ya ce ai casa'in ke nan. Faransawa ba sa ƙirga tamanin kai tsaye, sai su ce ashirin sau huɗu, casa'in kuma ashirin sau huɗu da goma. Goman nan ta ƙarshe ita fatoma ya haɗiye. Ka lissafa dubu 10 sau 120. Ina zaune, da kunnena na ji farashina na gaskiya, ban san shi ba ne.

Malamin nan na roƙa ya koya min. Da ƙirga muka fara, daga ɗaya har miliyan, sai da ya zama ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Daga nan gaisuwa, sunayen kaya, awo, ranakun mako, sannan karanta takarda. Na yi wajen wata takwas a haka. Yau ina ciniki da bakina, ina karanta abin da zan sa wa hannu, kuma na lura mutum yana sassauta maka in ka tambayi lafiyar iyalinsa da harshensa.

Sai dai kafin Faransanci, ka duba Turancinka tsakaninka da Allah. Riɗinmu Sin da Japan da Turkiyya yake tafiya, kuma yarjejeniyar da Turanci ake rubuta ta. A ciki za ka ga yawan danshin da aka yarda da shi, da tsaftar kaya, ko kashi 98 ko 99 cikin ɗari, da yawan mai. Za ka ga FOB, wato nauyinka ya sauka da zarar kaya sun hau jirgi a Legas, ko CIF, wato kai za ka biya jirgi da inshora har tashar mai saye. Haruffa uku ne, amma suna iya cinye ribar shekara. Na ga masu digiri a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano da ba sa iya rubuta wa mai saye wasiƙa mai layi biyar ya gane.

Sinanci yana da amfani in birnin Gwanzu na ƙasar Sin ka nufa, inda ake babban baje koli sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Su ma ƙirgarsu da tarko: suna da "wan", dubu 10 ke nan, don haka dubu 100 a bakinsu wan goma ce. Saye da sayarwa duk "mai" suke cewa, karin murya kaɗai ya raba su. Kada wannan ya tsorata ka, kunnen Bahaushe ya saba, mu ma da karin murya muke raba kukan yaro da kukar miya. Amma yana cin lokaci ƙwarai, kuma da wuya ka samu wanda za ka riƙa yi da shi a Gumel. Larabcin Islamiyya tushe ne mai kyau, sai dai na kasuwar Jidda ko Alƙahira daban yake da na littafi, a Dubai kuma yawancin masu shaguna Indiyawa ne da 'yan Pakistan, Turanci za su yi maka. In zoɓo ka koma, Meziko ce babbar kasuwa, can kuma Sifaniyanci ake yi.

Waya ina amfani da ita kullum wajen saƙonni. Abin da ba ta yi shi ne ta jiyo maka maganar da mai saye ya yi wa yaronsa ƙasa-ƙasa lokacin da kake ɗaure bakin buhu. Sau da yawa a nan farashin gaskiya yake.

Da ni ne kai, ba zan taɓa jarin ba, kuma ba zan bar gefen Baba ba. Wanda ya iya yare bai san riɗi ba, tafintan wasu zai zama, kai kuwa ka riga ka san fari da ja, ka san wanda aka zuba wa yashi. Ka ware ɗan kaɗan ka fara Faransanci, shi ne a bakin ƙofarka. Akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Kano, in kuma zuwa birni zai yi maka nauyi, malaman Nijar suna nan kan iyaka, ku daidaita da ɗaya. Ka yi karatun da damina, lokacin da saye ya yi sanyi, kafin sabon riɗi ya shigo da kaka. Duk Alhamis ka shigo Maigatari ka zauna wajen 'yan canji, ka riƙa juya naira zuwa sefa da baki, da Hausa da Faransanci, har harshenka ya saki. Ka gaishe min da Baba.