Amsa ga mai son buga hotuna a jikin zannuwan mahaifiyarta

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Na ga tambayarki cewa bayan rabon gado kin samu zannuwanta, kina son a yanka su a haɗa bargo, a buga hotunan ƴan gida a jiki, kuma kina neman inda ake yi a nan Yamai. Ni ɗinki nake yi, irin wannan aikin ya sha ratsa hannuna, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Kada ki yarda a buga hoto a kan atamfar kanta. Hoton daban, zanen daban, ɗinki ne zai haɗa su. Ki je wurin masu buga riguna da kofuna, ki ce sublimasiyon kike so, a kan farin yadi na poliyesta. Injin yana danne takardar hoton a kan yadin da zafi kusan digiri 200 na kamar minti ɗaya, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren. In kin shafa ba za ki ji komai a sama ba, ba ta ɓarewa, ba ta tsagewa. Amma zaren auduga ba ya riƙe ta, wanki kaɗan sai fuskar ta koɗe. Kuma injin ba shi da farar tawada, farin yadin ne ke zama farin hoton, don haka yadi mai launi zai rine fuskokin da launinsa. In sun ce yadinsu gauraye ne, ki tabbatar poliyestan ya kai kashi 65 cikin ɗari, in da hali ma zallansa.

Wasu za su nuna miki takardar da ake mannawa da dutsen guga don ta fi araha. Ki bar ta. Leda ce take zama a saman yadi, da an yi ta ninkewa sai ta tsattsage daidai tsakiyar fuska. DTF, wato buga hoto a kan fim a manna shi a yadi da injin zafi, ta fi ta ƙarko nesa, kuma tana kama auduga, sai dai wurin hoton yana yin tauri, iska ba ta ratsa shi. A jikin abin ratayewa ba laifi, a abin rufa ban so ta ba.

Hoton da za ki kai shi ne rabin aikin. Wanda ya yi ta yawo a WhatsApp an matse shi, a waya yana da kyau, a yadi sai ya fito dishi-dishi. Ki ce ƴan'uwa su turo miki a matsayin takarda (document), ba a matsayin hoto ba, ko ki karɓa kai tsaye daga wayar da ta ɗauka. Hoton da zai kai santimita 15 yana son aƙalla fiksal 900 a faɗinsa, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto. Tsofaffin na takarda kuwa ki kai a yi musu sikan. Wanda ya manne da gilashin firam kada ki ɓanɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. Ki goge gilashin, ki fita da shi inuwa, ki ɗauka da waya ba tare da filasha ba. Ki ce su bar miki farin gefe santimita 2 kewaye da kowane hoto, shi allura za ta ci. Su fara buga guda ɗaya, ki kai gida ki wanke ki gani kafin a buga sauran.

Zannuwan ma suna son dubawa. Ki ɗaga kowane a rana, inda haske ya ratsa sosai wurin ya mutu, galibi mazauni da bakin ɗauri, sai a yanka daga gefen da ke da rai. Wanda ya yi laushi a manna masa gam mara nauyi ta baya, wato yadin da tela ke mannawa don ƙarfafa zane. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan kowane zane. Galila tana zuba, turkuɗi kuwa ko a bushe shafa baba yake yi. In kika sa shi kusa da hoto, farin gefen zai koma shuɗi tun kafin a kai ga wanki. Wanda ba a taɓa sawa ba a wanke shi tukuna, don auduga tana ƙanƙancewa a wanki, poliyesta ba ya ƙanƙancewa, in aka haɗa su haka ɗinkin zai tattare.

Ki ja kunnen telanki kan guga. An taɓa kawo mini wani bargo da aka ɗinka a wani shago, yaron shagon ya ɗora dutsen gawayi mai jan wuta a kan hoto, zafin ya sake tayar da tawadar, inuwar fuskar tsohon ta fito a jikin ƙyallen da ke kusa. Ba ya gyaruwa. Guga ta baya, da wuta kaɗan.

Sai abin da ba ki tambaya ba. Bargo ana zama a kansa, yara su taka, su yi fitsari, a kai shi wanki. Ni zuciyata ba ta kwanta da fuskar mahaifiya a nan ba. Ga kuma salla: a Bukhari an rawaito Annabi (SAW) ya ce wa Nana A'isha ta kawar da labulenta don zanen jikinsa yana ɗauke masa hankali a salla. Hukuncin hoto na malamai ne, ki tambaye su tun ba ki kashe kuɗi ba. Abin da nake yi wa masu kawo mini aiki shi ne, bargon a haɗa shi da zannuwan zalla, a sa siririn soso a ciki, a rufa da shi lokacin ɗari. Hotunan kuma a jera su a ƙaramin ƙyalle daban mai maɓallai, da suna da shekara ƙarƙashin kowane, a maƙala in ana so, a cire in za a yi wanki ko salla. In ya yi ƙura, ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ban da jabel, wato ruwan bilic, a shanya a inuwa, don ranar Yamai ba ta barin launi.