Matashi mai yawan jin rauni zai iya zama tauraro a ƙwallon kwando?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina horar da matasa ƙwallon kwando a Kano. Akwai wani yaro a hannuna ɗan shekara 17, ga tsawo ga iya jefa ƙwallo, amma sau uku idon sawunsa na dama yana targaɗe a bana, yanzu kuma yana kukan gwiwa. Wasu na cewa in daina wahalar da kaina. Irin wannan yana zama wani abu kuwa? Daga wani mai horarwa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana iya zama. Sai dai ba yawan raunin ne abin dubawa ba, inda raunin yake shi ne magana. Ƙashi na haɗewa, idon sawu na yin ƙwari idan an bi shi da horo, amma guringuntsin gwiwa in ya cinye ba ya tofowa.

Stephen Curry, tauraron NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya fi kama da yaronka. An yi masa tiyata a idon sawun dama a 2011, aka sake a 2012, kuma a kakar da ke tsakani wasa 26 kacal ya buga. Shi ya sa ƙungiyarsa Golden State ta sabunta kwantiraginsa da araha, dala miliyan 44 a shekara huɗu. Abin da ya gyara shi ba wuƙar likita kaɗai ba ce: an koya masa ya riƙa juyi da tsayawa da ƙarfin ƙugu da cinya, maimakon ya bar wa idon sawu dukan nauyin. A 2015 da 2016 shi ne gwarzon NBA. Joel Embiid, haifaffen Yawunde a Kamaru, kaka biyu cur ya yi a zaune bayan an ɗauke shi zuwa NBA a 2014, saboda wani ƙaramin ƙashi a tsakiyar ƙafa da jini ba ya isar sa sosai. Ya zama gwarzo a 2023, ko da yake gwiwa ba ta bar shi ya huta ba.

Greg Oden kuwa, wanda ƙungiyar Portland ta fifita a kan fitaccen ɗan wasa Kevin Durant wajen ɗaukar sababbin 'yan wasa a 2007, guringuntsi ne ya fara kai shi gadon tiyata, kuma wasa 105 ya buga a NBA gaba ɗaya.

Targaɗe uku a sawu ɗaya yawanci alama ce ta cewa na farkon bai warke ba aka mayar da shi fili. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar sun saki, ƙafar kuma ta daina gane yadda take taka ƙasa. To, kullum ya tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, sau uku, daga baya ya yi ido a rufe. Ya riƙa ɗaga diddige da ƙafa ɗaya sau 15, zagaye uku. Ya sa maɗaurin idon sawu a duk wasa na aƙalla wata shida. Kafin ya koma gasa, auna tsallensa da ƙafa ɗaya: in mai ciwon ba ta kai kashi 90 cikin 100 na nisan mai lafiyar ba, da sauransa. Ka kuma kalli dirarsa daga gaba. In gwiwoyinsa na shigewa ciki, ƙugu ne ba ƙarfi. A daɓen siminti rage yawan tsalle, ka ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu a mako.

Gwiwar ce ya kamata ta ɗauke maka hankali. Ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ga yaro mai tasowa abu ne da aka saba gani, yana lafawa da rage tsalle da ƙarfafa cinya. Amma idan gwiwar na tara ruwa bayan wasa, ko tana sarƙewa, ko tana kwancewa, wannan ba na mai ɗori ba ne, ba kuma na man zafi ba. A kai shi likitan ƙashi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya da guringuntsi, don haka in likita ya ce a yi MRI, wato hoton da ke nuna su, a yi kafin yaron ya sake taka fili.