Wane tsohon fim zan kalla kan rayuwar talaka?

Malam, tunda ka ce kana neman fim ɗin Indiya da ba na rawa da waƙa ba, nemi Pather Panchali na darakta Satyajit Ray, wanda ya fito a 1955 da harshen Bengali. Labarin yaro Apu ne da yayarsa Durga a wani ƙauye. Uban ya tafi neman kuɗi, uwar tana ta faɗi-tashi da bashi da gorin maƙwabta. Inda ya fi taɓa ni shi ne ranar da yaran suka ruga cikin ciyawa don su ga jirgin ƙasa. Daga baya ruwan sama ya doki Durga, zazzaɓi ya yi ajalinta.

Amma fa baƙi-da-fari ne, kuma tafiyarsa a hankali take, sai ka yi haƙuri.