Admin Ya Goge Saƙona, Yana Da Wannan Ikon? Amsoshin Tambayoyinku Kan Zaman Guruf

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan guruf na WhatsApp suke, kuma da yawansu ba ciwon waya ba ne, sha'anin zama da jama'a ne. Na taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

Tambaya: Malam, ina cikin guruf na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Na tura tallar kayan da nake sayarwa, ba a jima ba sai na ga an goge, har da rubutu wai admin ne ya goge. Yana da wannan ikon? Ni dai cin fuska na ɗauke shi.

Amsa: Yana da shi, 'yar'uwa. Tun 2022 WhatsApp ta ba masu kula da guruf damar goge saƙon kowane mamba daga wayar kowa, muddin saƙon bai wuce kimanin kwana biyu ba. Ba a ɓoye ake yi ba kuma, don a gurbin saƙon sunan wanda ya goge yake fitowa. Ba kutse ya yi miki ba.

Batun cin fuska kuwa ya danganta da abin da aka kafa guruf ɗin dominsa. Guruf ɗaya yanzu yana ɗaukar mutum har 1,024. Mu ce naku ɗari biyu ne. Saƙo ɗaya daga hannunki, wayoyi ɗari biyu ne za su yi ƙara. In hotuna goma ne, wayoyi da yawa za su sauke su da kansu, da datar masu su, su cika musu ma'aji. Ke a wurinki abu ɗaya kika tura, shi admin yana hango ranar da mutum talatin za su ce ai wance ma ta yi. In akwai dokar hana talla, yana da gaskiya. In babu, to ya yi gaggawa, da ya fara yi miki magana a keɓe. Ke ma ta keɓe za ki bi shi, kada ki ɗaga maganar a gaban jama'a. Ki ba shi shawara a ware rana ɗaya a mako ta masu sana'a. Galibi wannan yana kashe rigimar.

Tambaya: Wani saƙo na so in tura wa guruf huɗu, waya ta ƙi, sai ɗaya kawai. A samansa akwai kibiyoyi biyu. Wayata ce ta samu matsala?

Amsa: Wayarka lafiya lau, ɗan'uwa. Da gangan aka yi haka, kuma akwai jini a bayan wannan doka.

A tsakanin 2017 da 2018, jita-jitar masu satar yara ta yi ta yawo a WhatsApp a ƙasar Indiya, tare da bidiyoyin da aka yanko daga wasu wurare. Gungun mutane suka riƙa far wa baƙi da matafiya, aka kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A watan Yulin 2018 kamfanin ya fara sa alama a kan duk saƙon da aka turo daga wani wuri, ya kuma taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda a Indiya. A Janairun 2019 dokar ta game duniya. Da cutar korona ta zo da nata ƙarairayin magunguna, a Afrilun 2020 aka ƙara matsewa: saƙon da ya bi hannu biyar ko fiye, wato mai kibiyoyi biyun da ka gani, wuri ɗaya tak za ka iya tura shi a lokaci guda. Kamfanin ya ce bayan wannan, yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari.

Ka lura da abu ɗaya. WhatsApp ba ta san abin da ke cikin saƙon ba. Tun 2016 saƙonni a kulle suke tafiya, mai aikawa da mai karɓa ne kaɗai ke iya buɗewa. Ƙidayar hannuwan da saƙo ya bi kawai ake yi. Saboda haka kibiya biyu ba shaidar ƙarya ba ce, ba ta gaskiya ba ce, shaida ce cewa kai da wanda ya rubuta akwai nisa, kuma mai yiwuwa wanda ya turo maka ma bai san shi ba.

Akwai wata ɗabi'a da ba ta kwanta min ba, ta rubuta "kamar yadda aka turo min" a ƙasan saƙo, wai an wanke hannu ke nan. Ba a wanke ba. Mutanen guruf ɗinka sunanka suka gani, don sun yarda da kai suka karanta. Kafin ka tura, ka duba ko saƙon yana da kwanan wata da sunan wurin da abin ya faru. Wanda ya ce "jiya da daddare" ba tare da rana ba yana iya shekara biyar yana yawo, kullum jiya ce. In hoto ne, ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa za ka tarar tsohon hoto ne daga wata ƙasa. In an ce wata hukuma ce ta sanar, ka leƙa shafinta. Wanda kuma ya ƙare da "tura wa mutum ashirin" ko ya yi alkawarin data kyauta in ka danna mahaɗi, wannan ba sai an bincika ba, goge shi za ka yi.

Tambaya: Gardama ta yi zafi a guruf na wurin aikinmu, na rubuta wa wani magana marar daɗi. Bayan minti goma na goge wa kowa. Shi ke nan ta tafi?

Amsa: Daga fuskar hirar ta tafi. Amma minti goma a guruf mai cike da jama'a, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wasu sun karanta ta tun daga sanarwar da ke faɗowa a saman waya, wani kuma ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, kuma WhatsApp ba ta gaya maka in an yi hakan. Da hoto ne ko bidiyo, masu iPhone na iya samunsa a ajiye cikin hotunansu ko bayan ka goge. Kullen da na ambata a sama yana kare saƙo ne a hanya, ba ya kare ka daga wanda ka aika wa. Hatta in wani ya kai ƙararka ga kamfanin ta cikin manhajar, saƙonninka biyar na ƙarshe ake miƙawa.

Gogewa da gyara, an yi su ne don kuskuren hannu: ka tura wa guruf abin da ka nufi matarka da shi, ko ka rubuta lamba ba daidai ba. Gyaran ma, wanda aka kawo a 2023, minti 15 kawai yake ba ka, kuma zai nuna cewa an gyara.

Wannan matsala ta girmi WhatsApp. A 1995 wata ma'aikaciyar kamfanin Intel, Sally Hambridge, ta rubuta ƙa'idojin ladabin intanet da aka fi sani da RFC 1855, kuma cikin shawarwarinta akwai cewa in saƙo ya ɓata maka rai, ka bari amsar ta kwana. A nan ne kuma aka yi gargaɗin cewa rubutu da manyan baƙaƙe zalla kamar ihu ne. Rubutu ba shi da murya, ba shi da fuska. Abin da za ka faɗa da murmushi a wuce, in ka rubuta shi sai ya fito da kaifi.

Yanzu abin da ya rage maka, Malam: a gaban mutane ka ci masa fuska, a gabansu za ka ba shi haƙuri, layi biyu ya isa, ba tare da "amma shi ma" ba. Nan gaba in magana ta zama ta ku biyu, ka danna saƙonsa ka riƙe, ka zaɓi amsawa a keɓe.

Tambaya: Yaro, ni idona ba ya son ƙananan rubutu, da murya nake aika saƙo. 'Ya'yana sun ce ina damun mutane.

Amsa: Baba, ba laifi kake yi ba, don irinka aka yi saƙon murya. Abin da ke gajiyar da mutane tsawo ne. Wanda yake aji ko ofis ba zai iya saurare ba, kuma murya ba a iya nemo ta da kalma kamar rubutu. Ka fara da abin da kake son faɗa, ka tsaya cikin minti ɗaya. In akwai rana ko lokaci ko lambar waya a ciki, ka sa yaro ya rubuta maka su a ƙasa. Su kuma 'ya'yan, a gefen saƙon akwai wurin ƙara sauri zuwa 1.5 ko ninki biyu, su yi haƙuri su danna.

Tambaya: Kullum sai na wayi gari an jefa ni wani sabon guruf ba da sanina ba. Ya zan hana, kuma ya zan fita ba tare da an ce na yi girman kai ba?

Amsa: Ki shiga saitunan WhatsApp, sashen sirri, ki nemi wurin guruf-guruf. Zaɓi uku ne: kowa, waɗanda lambarsu ke wayarki, ko su ɗin ban da waɗanda kika ware. Ki ɗauki na biyu ko na uku. Daga nan duk wanda ba ya ciki sai dai ya aiko miki gayyata, in kin ƙyale ta kwana uku ta mutu da kanta.

Fita kuma ta yi sauƙi tun 2022. Ba a ƙara shelanta wa kowa, admin kawai ake sanarwa, sai dai mai bin diddigi zai ga sunanki a jerin waɗanda suka fita har kwana 60. In guruf ne da fita za ta jawo surutu, kamar na dangi, ki kashe ƙararsa dindindin. Duk wanda ya ambaci sunanki ko ya amsa miki kai tsaye, za ki sani.

Ga masu jefa mutane kuma: lambar wayar mutum kuke baje wa baƙi da bai sani ba. A tambaye shi tukun.

Tambaya: An naɗa ni admin na guruf mai mutum sama da ɗari uku. Waɗanne dokoki zan kafa?

Amsa: Allah ya taya ka riƙo. Kada ka rubuta doka ashirin, ba mai karantawa. Biyar ko shida sun isa, a sa su a bayanin guruf inda sabon shiga zai gani, a kuma kafe su a saman hira. Kafewar tana kai kwana 30, sai a sabunta. Ta farko ta faɗi abin da guruf ɗin yake yi, don daga ita sauran suke samun ƙarfi.

Wadda ni ba na sassauci a kanta ita ce ta hotunan mutane. Gawa, wanda ya yi hatsari, yaron wani, takardar asibitin wani, hoton hirar da aka yi da mutum a keɓe, duk kada su shigo. Sau tari mai turawa neman addu'a yake yi, niyyarsa kyakkyawa, amma ba a so uwa ta fara jin rasuwar ɗanta daga hoto a guruf. Haka hoton wanda ake zargi da laifi da rubutun "a yaɗa": in zargin ya tashi ƙarya, babu maɓallin da zai dawo masa da sunansa.

Sai tsaro. Ka kunna tsarin da sai admin ya amince kafin sabon mutum ya shigo, kuma in mahaɗin gayyata ya fita hannu, ka sabunta shi, tsohon zai daina aiki. Ka gaya wa mambobi cewa babu taro, babu rajista, babu tallafin da ke buƙatar lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ta tes. Wanda ya karɓi lambobin nan ya karɓe asusunka, kuma abin da zai fara yi shi ne neman kuɗi a wurin 'yan guruf da sunanka. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saituna, wato lambar sirri ta biyu da kai kaɗai ka sani.

Cunkoso ma yana da magani. Sanarwa ɗaya ba ta buƙatar "na gani" guda tamanin, danna alamar babban yatsa a jikin saƙon ya wadatar. In ra'ayi ake nema, a yi ƙuri'a ta cikin manhajar. In rigima ta ƙi mutuwa da dare, ka mayar da guruf ɗin sai admin kaɗai ke iya rubutu, ka faɗi dalili da lokacin buɗewa. Amma kada ya zama sandar da kake ɗagawa duk lokacin da aka soki ra'ayinka. Abin da ya fi rusa guruf shi ne a goge saƙon ƙaramin mamba, a bar irinsa na babban mutum ko na abokin admin. Mutane suna gani, ko ba su yi magana ba.

Ta fuskar shari'a, ƙasashe sun bambanta. A 2021 Babbar Kotun Bombay ta Indiya ta yanke cewa ba za a kama admin da laifin abin da mamba ya rubuta ba sai in da haɗin bakinsa. Wannan hukuncin can ne, kada ka jingina da shi. In an turo ɓatanci ko tunzuri, ka goge, ka yi gargaɗi a rubuce.

Kuma ka nemi mataimaki ɗaya ko biyu tun yau. In admin ɗaya ne tak ya fita daga guruf, WhatsApp da kanta take ɗaukar wani mamba ta ba shi, ba tare da duba ko wane ne ba.